Wancan a Wayar Inna

Har yau ranar tana zo mini kamar mafarki. Damina ce, gero ya yi kore shar, ni da Inna muna mota daga Bakura zuwa Talata Mafara. Ni ne ɗan farinta, don kunya ba ta taɓa kama sunana ba.

A shinge ɗan sanda ya ce kowa ya buɗe wayarsa. Ta jima kafin ta ɗora yatsa. Sai ga hotona a fuskar wayar, ga lambar da ta fi kira, an ajiye ta da sunan Wancan.

"Hajiya, wane ne Wancan?"

Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ne, yallaɓai."

Aikinsa yake yi, hanya ba lafiya. Amma abin da ta ɓoye mini shekara arba'in, a gaban fasinja ya tone shi.