Ranar da Na Janye Sa Hannuna

Na yi shekara arba'in da biyu a ɗakin gwaji, kuma yawancin kwanakin sun shige mini a jere ba tare da bambanci ba. Amma akwai wata Laraba a Jidda wadda ba za ta taɓa fita daga raina ba.

An ɗauke ni kwantiragi ne a wani aiki can kudu da unguwar Mahjar, a filin da sojoji suka taɓa yin garejin gyaran motoci. Shekaru da dama sun yi ta wanke injuna da wani sinadari mai narkar da maiƙo, suna zubarwa a ƙasa. Sinadarin ya fi ruwa nauyi, don haka ya nutse ya maƙale cikin yashi, yana sakin guba kaɗan-kaɗan a ruwan ƙasa. Dabararmu ita ce mu tura wani haɗi dangin sabulu ta rijiyoyin burtsatse, ya ɓamɓaro gubar, sannan a zuƙo su tare ta wasu rijiyoyin. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai: wanki ne za a yi wa ƙasar da ido ba ya gani. Ni na tsara haɗin, ni na sa hannu, kuma ranar Alhamis za a zuba shi. Abin da aka tura ƙarƙashin ƙasa kuwa ba a dawo da shi a gyara.

A makarantar mishan aka hore ni. Malaminmu na kimiyya yakan buge mana yatsu da rula in ya ga mun taɓa ruwan famfo wajen gwaji. Tataccen ruwa kaɗai ya yarda da shi. Da irin wannan ruwan na gwada haɗina har sau tara, kuma duk taran suka fito tsaf.

Mai kula da famfunanmu wani magidanci ne haifaffen unguwar Hindawiyya, jikan alhazan da suka zo a ƙasa ba su koma ba. Hausarsa ruwa biyu ce da Larabci, kuma na sha gyara masa ita ba tare da ya nema ba. A wannan Larabar bayan azahar ya tsaya a ƙofa yana kallon kwalabena, ya tambaye ni da wane ruwa na yi gwajin. Na ba shi amsa a taƙaice, ina jin zafin tambayar.

Ya ce mahaifiyarsa wankau ta yi wa alhazai har ta tsufa, kuma ba ta taɓa yarda da ruwan rijiyar garin nan ba, sai dai ta sayi na daɗi.

"Ya Ammi, moyar ƙasar nan gishiri ce," in ji shi, yana ce mini baffa da Larabci, yana kiran ruwa moya. "Sabulu in ya shiga cikinta, halas, mutuwa yake. Ya koma kamar kindirmo."

Na so in sallame shi, amma son sani ya rinjayi girman kai. Na ce ya ɗebo mini ruwa daga rijiyar da ke can gefe, wadda gubar ba ta kai gare ta ba. Na auna haɗina na zuba, na girgiza. Kafin in ajiye kwalbar ruwan ya yi fari, ya soma guda-guda, wani abu kamar kumfar da ta tsinke yana kwantawa a ƙasa. Na daɗe ina kallonsa a jikin fitila. Da an tura wannan, da ya toshe yashin da rijiyoyin gaba ɗaya, gubar kuma tana nan daram.

Na ɗauki kwalbar na tafi ofishin shugaban aikin, ga tankokin haɗin sun riga sun iso suna jira. Na nemi takardar da na sa wa hannu, na ja layi a kan sunana a gabansa, na ce kuskuren nawa ne ni kaɗai. Ban taɓa faɗin haka ga kowa ba kafin ranar.

Sai da muka yi makonni muna sake gwaji da ruwan wurin kansa kafin muka sami haɗin da ke jure gishiri. Da aka soma zuƙowa, mutumin nan ya miƙo mini kwalbar farko yana dariya, ya ce in duba ko kindirmon ya yi.

Tun daga ranar ban sake gyara masa Hausa ba. Na fahimci cewa an koya mini tsabta sosai, amma ba a koya mini in tambayi inda abin da na tsara zai je ya zauna ba. Wannan kuwa wata mai wankau da ban taɓa gani ba ta riga ni sani.