Minti Ashirin Ina Kallon Salifu

In kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce Iliya ya fara zuba kamar kullum: ni ɗin nan, da gemuna, ɗan shekara huɗu ya firgita ni, kuma ko harara bai yi mini ba. Ban taɓa mantawa da ranar ba. Wata Talata ce, cikin zafin 2006.

Lokacin ina ƙaramin anfirme, wato ma'aikacin jinya, a Konni. An kai mu Tawa horon sati biyu kan yaran da ke birkita aji, na komo ina tafiya kamar ni na ƙera ƙwaƙwalwa. Ku sababbin shiga aikin nan, ga yadda yake. Ka shiga aji, ka lafe a lungu da takarda da agogo. Ba magana, ba tsawa, ba taɓa yaro. Duk minti biyar ka rubuta abin da idonka ya gani: ya bugi wani, ya bi umarni ko ya ƙi, me ya faru kafin ya harzuƙa. Minti arba'in da biyar kana zaune kamar tulu.

Sai majo, wato shugabar gidan likita na wani gari tsakanin Malbaza da Dogarawa, ta aiko a zo a duba wani Salifu a jardan, lakwal ɗin ƙananan yara. An ce ya ciji rabin aji, sauran rabin ma don sun fi shi gudu ne. Direktan lakwal ɗin ya rantse in takardata ta nuna ba ya gyaruwa, korarsa zai yi.

Ni kuma da iyayina, sai na aika tun Lahadi cewa ina tafe. Na manta cewa a wajenmu duk wanda ya sauko daga Konni da biro a aljihu anspekta ne.

Na tarar an share aji, an yayyafa ruwa, yara sun sha mai suna ƙyalli kamar soyayyen kifi. Madam Hadiza, mai koyar da su, ta gaishe ni. Ta nuna mini Salifu can ƙarshen tabarma, ya jingina da bango. Na zauna, na duba agogo.

Minti biyar, na rubuta: yana zaune, bai taɓa kowa ba. Minti goma: natsattse. Minti sha biyar, wata yarinya ta taka masa ƙafa bai ko ɗago ba, na rubuta: yana da haƙuri. Har ina cewa a raina ƙazafi aka yi wa bawan Allah.

A minti na ashirin ƙuda ya sauka a gefen idonsa. Ya zagaya, ya gangaro bakinsa, ya koma. Yaro bai motsa ba. Na ƙura wa cikinsa ido ina jiran numfashi. Na jira. Wallahi da ƙyar rigarsa ta ɗan ɗaga.

Na watsar da dokar Tawa, na tsallake yara na ɗauke shi. Ya langaɓe a hannuna kamar jiƙaƙƙen zane, yawu na zuba, ido rabi a buɗe. Na kira sunansa, na mintsine shi, shiru. Na ce da madam ta faɗa mini abin da aka ba shi yanzu-yanzu. Ta fara rantsuwa, sannan ta fashe da kuka, ta ciro kwalba daga jakarta. Siro ne, maganin mura na ruwa mai sa barci, irin na masu tire a tasha. Cokali uku ta ɗura masa, don kada ya kunyata ta gaban anspekta.

Ina fitowa da shi sai ga uwarsa, ashe tun safe tana raɓe bakin ƙofa tana jiran hukunci. Ta ga kwalbar, ta dafe kai ta ce, "Wayyo, Malam, ni ma na zuba masa irinta cikin koko. An ce in ya yi ɓarna gabanka korarsa za a yi."

Na tambaye ta nawa. Ta ce ba ta auna ba.

Ban san yadda na tada moto ba. Uwar na baya rungume da shi, ni ina tambayarta yana numfashi, tana cewa ba ta sani ba. Tafiyar ba ta kai minti biyar ba, amma na tsufa a cikinta. Majo ta karɓe shi, ta kwantar da shi a gefe, ta sa masa ƙarin ruwa, ta dasa ni a bakin gado in riƙa ƙirga numfashinsa. Duk sanda ya ɗan jinkirta sai in ga kaina gaban jandarma, in ga uwar, in ga ɗan likkafani. Sai bayan la'asar ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Ba a kore shi ba. Na koma sau uku ba sallama, na ga dai yaro ne da ba ya iya dogon zama, aka riƙa ba shi aikin raba alli da kwashe tabarmi, abin ya ragu. Tun daga nan ba na sanar da zuwana, kuma kafin in zauna sai na faɗa wa malama da uwa cewa ba ni kora, ba ni ba da maki. Mutanenmu in tsoro ya kama su gyara maka abin da ka zo gani suke yi. Yaro mai ihu kuwa bai taɓa firgita ni kamar mai shiru ba.

A yammacin ranar dai, ina ba da labarin ƙudan, ina ta cika baki cewa idona ne ya cece shi, majo ta zaro takardata daga aljihuna. Ta karanta har ƙasa, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Minti ashirin ɗan mutane na mutuwa gabanka, kai kana rubuta masa yabo. Ƙudan ya kamata a kai Tawa, ba kai ba."