Tambarin Malam Sada da Allurai Sittin

Jama'a, salamu alaikum. Kun saba ganina a nan ina tsokanar mutane a kan farashin masara. Yau zancen daban ne, kuma na fi shekara arba'in ina riƙe da shi a ciki. A zamaninmu mai tarin fuka ba ya faɗa, ko ya warke, don kada a ware masa kofi.

Farkon shekarun tamanin ne, ana ta aikin dam ɗin Zobe. Ina dillancin hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, bakina ne jarina.

Tari ya fara, na ce ƙaiƙayin gero ne. Sai zazzaɓi, sai wando ya soma zamewa. Ran da na tofar da jini a bayan rumfa, ƙasa na tura da ƙafa na rufe, na koma ciniki.

Mai ɗakina ce ta gani a hankici. Ta ce, "Malam, ko ka tafi asibiti da ƙafarka, ko in kira Yaya ya ɗauke ka."

Hoton ƙirji, gwajin kaki kwana uku. Likita ya ce kwanciya, allura kowace safiya har sittin, sannan ƙwayoyi na fiye da shekara. Raguna biyu muka sayar.

Na ce, "Likita, a duba dai. Arba'in?"

Sista, wata 'yar kudu da ta fi ni Hausar kasuwa, ta ce, "Albarka. Juya."

A gadon kusa da ni akwai wani dattijo mutumin Kurfi, Malam Sada, mai zanen riga. Shi ke fitar da zane a jikin babbar riga kafin maɗinka su bi da zare. Zuwansa na biyu ke nan. Na farko, da ya ji sauƙi sai ya gudu.

Kullum yana kife murfin kwano a kan kwalin magani, ya zagaye da fensir, ya yi ta fitar da tambari, wato zagayayyen adon nan na riga. Ni kuwa ina ta juyi a gado, tsoro na cina.

Wata rana ya miƙo mini babban kwali. Na fara daga baki, ina sauri in cika.

"Kai ɗan kasuwa, ba mudu ba ne. Daga cibiya ake farawa. Allura ɗaya, zagaye ɗaya."

"Me zan sa a ciki, Baba?"

"Abin da ya dame ka."

Na jera bakin buhuna. Na sa saƙar faifan mai ɗakina. Ranar da aka fita da wani daga ɗakinmu a lulluɓe, baƙi kawai na shafa. In ina zanen, numfashina kan kwanta, har in manta zafin allura.

A ta ashirin da biyar na ji garau. Kaka ta yi, sabon gero na shiga kasuwa, wasu na kwashe mini abokan ciniki. Da hantsi na naɗe tabarmata, na ɗauki kwalin.

Malam Sada ya ce, "Sauka lafiya. Amma aje wannan. A sana'armu ba a fitar da tambari a buɗe. Wanda ya gani, malaminka zai zaga."

"Baba, kwali ne fa."

"Ni ma haka na ce da ƙirjina, na bar shi rabi. Dube ni."

Na dube shi. Da ƙyar yake riƙe fensir.

Na shimfiɗa tabarmata.

Ranar ta sittin na rufe zagayen. Ya juya kwalin ya ce, "A karkace yake, amma ya rufu." Bai ga damina ba. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Na gode wa Allah. Na gode wa mai ɗakina da ta yi ta jigilar kunu, da Sista, in tana raye Allah Ya saka mata.

Shawarata: tarin da ya wuce sati biyu, a je a auna. In an fara magani a kai shi ƙarshe, jin sauƙi ba warkewa ba ne. In za ku dubiya, ku haɗa lemo da takarda da fensir. Ba sai mutum ya iya zane ba. Wanda yake kwance yana da maganar da ba zai iya gaya muku ba, ku bar hannunsa ya faɗa.