Kan Jirgin da Ottmar Bai Ga Tafiyarsa Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ottmar Siewert a asibitin garinmu, bayan ciwon huhu da ya kwantar da shi tun farkon hunturu. Ina ɗakin girkina da buroshi a hannu, ina yi masa aiki, matarsa Hiltrud ta bugo waya. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na fita sai in tarar ƙafata ta kai ni ƙofar gidansa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko zuciyata za ta lafa.

Ottmar, duk wanda ya san ka ya san ɗakin da ke ƙarƙashin gidanka. A can ka gina tashar jirgin ƙasa ta ƙauyenku a kan ƙaton tebur, yadda take lokacin kana yaro: ofishin da bai wuce tafin hannu ba, tankin ruwa, tulin kwal, har da akuyar matar mai gadi. A ɗakin nan ka yi furfura. Amma layin dogon babu jirgi a kansa. Mu 'yan ƙungiyar masu ƙananan jirage mun tsokane ka har mun gaji.

"Ranka ya daɗe mai tasha, yau ma jirgin ya makara?"

"Ya makara," kake cewa. "Gara ya makara da ku kawo mini abin wasan yara."

Kan jirgi mai tururi kake jira, irin wanda mahaifinka ya yi wa aikin zuba kwal a wuta. Mai kama da shi bai ishe ka ba. Wannan bututun hayaƙinsa ya yi tsawo, wancan ƙafafunsa sun cika ja, wani kuma usur ɗinsa ba a gefen da ya kamata yake ba. Taurin kanka ya sha ba ni haushi, kuma ka sani, don a gabanka nake faɗa.

Sai dai mai taurin kan nan shi ne wanda yaran unguwa ke kai wa motocinsu da suka karye, ya gyara yana yi musu faɗa. Shi ne kuma wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata lokacin da matata Edda ta rasu, na rufe kaina a gida na daina aski. Ba ka yi mini wa'azi ba. Cewa ka yi kana neman mai haɗa maka bishiyoyi da busassun tsinkaye, ka ja ni zuwa ɗakin ƙarƙashin gidanka. Muna cikin aikin na hango wata 'yar tsana mace ta roba, ba ta kai tsawon farce ba, tsaye a bakin tasha da jar lema irin ta Edda. Ranar na fara cin abinci da daɗi.

Da ciwo ya kama ka, ni na ɗauki neman kan jirgin a madadinka. Na je kasuwar ƙananan jirage ta Kassel, na je ta Dortmund, ina leƙa kwalaye ina tambayar tsofaffi, kullum da fargabar in dawo in tarar da gado babu kowa. A Utrecht na same shi, a teburin wata tsohuwa da ke rabuwa da kayan ɗan'uwanta. Ban tsaya ko shan kofi ba na juyo.

Ka daɗe kana jujjuya shi a kan bargon asibiti. "Shi ne," ka ce. Ban gama murna ba ka ɓata fuska. "Amma dube shi, Gernot, sai ƙyalli yake kamar takalmin ango. Wannan bai taɓa yin aiki ba. Babana in ya dawo gida haƙoransa kaɗai ake gani."

Gaskiyarka ce. Mu ba ma ɗora sabon jirgi a layi sai mun tsufar da shi, mun shafa masa baƙin hayaƙi da tsatsa da maiƙo har ya zama kamar ya sha hanya. Hannunka yana rawa, don haka aikin ya dawo kaina. Na kankaro kunkunniya daga murhuna, na yi ta shafawa ina gogewa. Da na kawo maka, ka kanne ido ɗaya.

"Ka kusa. Saura farin zane a gefen hagu, inda ruwa ke ɗiga ƙarƙashin usur. Koma, kuma kada ka yi gaggawa."

"Kai ne ba ka gaggawa, tsoho," na ce.

Likita ya yarda a kai ka gida ranar Asabar ka gan shi yana tafiya. Zanen nan nake ja wayar ta shigo.

Na ƙarasa shi duk da haka, na kai gidanka na ajiye a kan layi, ban kunna ba. Safiyar jana'iza na tarar da shi a teburin girki a kan tawul, yana sheƙi. Hiltrud ta bi shi da auduga da tsohon buroshin haƙori ta goge shi tas. Raina ya ɓaci.

"Hiltrud, me kika yi? Wannan dauɗar ita ce aikin. Shi da bakinsa ya ce..."

"Na sani, Gernot. Tun yaushe nake share muku ɗakin nan, kana ganin ban san dauɗar gaske da ta ganganci ba? Zauna, ka ishe ni da kai-komo." Ta tura mini kofi. "Surukata ta ce in baban Ottmar ya taso daga aiki ba ya shiga ɗaki sai ta wanke shi a tsakar gida. Wannan ma ya iso gida. Ya gama aiki."

Bayan mun dawo daga maƙabarta muka sauka ƙasa, ita ta danna maɓallin. Kan jirgin ya zagaya tulin kwal, ya wuce akuyar, ya zo ya tsaya daidai gaban mai jar lema. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninka da Hiltrud ba, Ottmar. Na dai san da kana nan da ka ɗaga murya, sannan ka yi shiru, don ita kaɗai ke iya maka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hiltrud, da 'yarku Wiebke da 'ya'yanta, da 'yan ƙungiyarmu da yanzu ba su da wanda za su tsokana. Allah Ya ba su haƙuri, ni ma Ya ba ni natsuwa. Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe maka, Ya wanke ka tas yadda ake wanke wanda ya gama aikinsa ya dawo gida. Amin.