Fayafayan Badaruddeen

Badaruddeen makanikin injin ban-ruwa ne a Bunkure. A ranin 2007 mutane suka lura duk Asabar sai ya rufe rumfarsa ya hau mota zuwa Kano, ya yini a shagon intanet, ya dawo da fayafayai a aljihu. Nan da nan zance ya bazu cewa damfarar Turawa yake yi. Da wasiƙa ta zo masa daga Brazil, sai surukinsa Malam Hashimu, mai makarantar Islamiyya, ya kira shi zaure.

"Badaru, faɗa mini gaskiya. Me ya haɗa ka da mutanen nan?"

"Allah gafarta Malam, katun ɗin Japan ne kawai."

Ya ce tun yana yaro gidan talabijin ya yanke wani katun, wato fim ɗin zane mai motsi, bai kai ƙarshe ba. Shekara biyu ya yi yana tsintar sassansa a intanet, ga shi shafin da ke ɗauke da su ya rufe. Yanzu wurinsa masu neman katun ɗin ke roƙo, har daga Brazil.

Malam bai gamsu ba. Ya sa aka tada janareta, ya zauna ya kalli faifai uku cif, yana jiran inda asiri zai tonu. Bai ga komai ba sai wata tsohuwa tana tuƙa jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara.

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Yau ban kama ka ba. Saura nawa?"

"Arba'in da tara, Malam."

"To, duk sai na bincika."