Dajin da Ya Cinye Inna

Ina ƙarama Inna ta rasu, kuma abin da na ji ana faɗa shi ne daji ya cinye ta. Haka mata suka yi ta maimaitawa a tsakar gidanmu na Salaga ranar sadakar uku, haka na riƙe. Watanninta na ƙarshe ba na gida, an tura ni wurin kakata wai na cika ƙiriniya. Abin da na sani dai fataucin doya take yi, tana bin manyan motoci zuwa Yendi, hanyar kuwa ba komai sai itatuwa. Sai na ɗauka mota ce ta lalace da su ta sauka ta ɓace, ko wata dabba ta far mata. Na girma ina jin haushin bishiyoyi. Ba wanda ya gyara mini, don ban taɓa tambaya ba. A gidanmu ba a tona zancen mamaci, addu'a ake masa a yi shiru.

Makarantar kwana ta cinye rabin Hausata. Wadda ta rage ta ciniki ce da tsegumi, sunayen cututtuka kuwa duk da Turanci na san su. Da na shiga jami'a can kudu ina karatun adabin Turanci, sai aka ba mu wani darasi a kan ciwo da lafiya a littattafan ƙasashen da Turawa suka mulka. Malamarmu gajeriya ce mai kaifin baki. Ta sa muka karanta labarin wata tela da cutar kansa ta kama ta a nono, ta yi ta ɓoyewa a ƙarƙashin zane. Mu kuwa muka baje kolin ilimi. Wannan ya ce nonon ƙasa ce, wancan ya ce kumburin guntun mulkin mallaka ne. Ni na fi kowa zaƙewa, har da ɗaga murya.

Wata rana malama ta gaji da mu. Ta ce mun mai da baiwar Allah taswira, ko sannu ba wanda ya ce mata. Ta ce kowa ya je hutu ya dawo mata da sunan cutar nan a harshen gidansu, da yadda ake jinyarta.

Na san wurin wa zan je. Gwaggona, ƙanwar babanmu, tana sayar da hatsi a Yendi, kuma ita ce ma'ajiyar tsohuwar Hausar gidanmu. In ka ce "ya" inda ya kamata ka ce "ta", sai ta tambaye ka ko a tasha aka haife ka. Na same ta a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Na kwatanta mata kamar yadda na karanta: kumburi mai tauri, fata ta koma kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Daji ke nan."

Na yi dariya na ce, "Gwaggo, ciwo nake tambaya."

"Ciwon nake gaya miki. Daji. Ba shi ya cinye uwarki ba?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakinta na motsi ba na jin komai. Shekara da shekaru ina tsine wa hanyar Yendi, ashe Inna a ɗakinta ta kwanta, a kan gadon da na sani. Kuma cutar da na yi zangon karatu guda ina wasan baki da ita, ita ce ta mai da ni marainiya. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wa zan ji haushinsa.

Gwaggo ta ɗauka kukan tuna uwa nake yi. Don ta lallashe ni sai ta ce, "Yi haƙuri. Na yayarki da sauƙi, ana shafa mata magani."

Na ce, "Wace yaya?"

Yaya ɗaya nake da ita uwa ɗaya, tana aure a Bawku, ita ta goya ni bayan Inna. Gwaggo ta ce an hana a gaya mini don ina jarrabawa. Na tambaye ta wane asibiti Yaya take zuwa. Ta ture faifan, ta kalle ni kamar na yi saɓo.

"Ke, rufa mana asiri! Daji ba ya son ƙarfe. Allura ta taɓa shi sai ya fusata. Uwarki ana kai ta asibiti aka soka mata, ba ta ƙara tashi ba."

Washegari na shiga motar Bawku. Na sami Yaya a rumfarta ta albasa tana ciniki, hannun hagu a maƙale a jiki, da dama take miƙa kaya. Tana ganina ta gane an fasa ƙwan. A gida ta rufe ƙofa ta kwance zane. An lafta wa nonon hagu baƙin ƙullin ganye mai warin hayaƙi, amma ta gefe na ga fatar. Duk abin da marubucin nan ya kwatanta ga shi a jikin matar da ta yi mini kitso. 

Na ce gobe asibiti. Ta ce ba za ta ba.

"Ke ba ki nan. Ni na riƙe ƙafar Inna aka yi mata allurar."

Ban jawo mata wani bayanin jami'a ba, babu ko ɗaya da ya zo mini. Tambaya kawai na yi. "Yaya, kafin allurar, tun yaushe ake shafa mata ganye?"

 Ita ce take daka wa Inna ganyen, ta fi kowa sani. Na ga tana lissafi a ranta, tana kallon bango.

"Damina biyu," ta ce a hankali. Can kuma ta ce, "Nawa bai kai shekara ba."

Ba ta ce ta yarda ba. Da safe dai na ji tana wanke wurin da ruwan ɗumi, ta daɗe a banɗaki.

A asibiti, nas ɗin da ta duba ta Bakusasa ce, ba Bahaushiya ba, Hausarta ta kasuwa, irin wadda Gwaggo ba ta yafewa. Ta daɗe tana taɓawa, fuskarta a ɗaure, ni kuma ina gefe riƙe da mayafin Yaya da jakarta. Da ta gama ta ce, "Ya zo leti, amma bai yi leti kwata-kwata ba. Za mu tura shi Tamale, dokta zai gani." Yaya ta sauke numfashi, ta fara ɗaura zane.

Nas ta tambaya ko akwai mai irinsa a gida. Yaya ta ce uwarmu. Sai matar ta juyo ta kare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ƙaninshi ne? Uwa ɗaya?"

Na ce e, rakiya na yi.

Ta nuna mini gadon da Yaya ta sauka yanzu. "Rakiya ya ƙare. Cire riga."

Na tsaya ina laluben maɓalli. Yaya ce ta matso ta ɓalle mini, da hannun dama.