Yatsu Ukun Yaya Habu

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana Malam Habu, Allah ya jiƙansa. Akwai maganar da ban taɓa faɗa masa ba, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tare muka yi aiki a wani kamfanin haɗa taransifoma a nan Kano. Shi yana kan injin naɗa waya, ni kuwa da na ɗan taɓa boko aka ba ni shugabancin sashen. Dokar wurin a fili take: ba a tsayawa gaban inji da zobe ko agogo. Kullum da safe ni ke duba hannuwan ma'aikata, amma in na zo kan Yaya sai in gaishe shi in wuce. Zoben azurfar da ke hannunsa na dama tsarabata ce daga Makka, kuma na ji nauyin in ce wa wanda ya goya ni ya cire.

Wata rana da hantsi waya ta kama zoben. Kafin a kashe injin, yatsu uku sun tafi.

A asibiti ya dube ni ya ce, "Kai Sabi'u, wannan ɓata rai na mene ne? Ai na rage wa mai yankan farce aiki."

Bai ƙara cin abinci cikin mutane ba, don yana jin kunyar sa hagu a kwano. Ranar salla in ya taso daga Giginyu ya zo gidana a Nassarawa GRA, sai ya ce a ƙoshe yake. Na san ba haka ba ne.

Injinan yanzu murfi gare su, da hannu ya kusanto sai su tsaya da kansu. Da a ce Yaya ya gani, na san dariya zai yi, ya ce madalla da injin da bai san wa da ƙani ba.

Shekara shida ya yi bayan haɗarin, kullum ina cewa gobe zan nemi gafararsa. Bayan sadakar arba'in na tambayi matarsa, Yaya Hajara, ko ya taɓa kama sunana a kan haɗarin.

Ta ce, "Cewa ya yi kada kowa ya kuskura ya tayar maka da zancen."

Ashe ya sani. Ya rufa mini asiri har kabari, ni kuwa na hana shi damar ya ce ya yafe. Allah ya yi masa irin suturar da ya yi mini.